Malam Edita, a ja wa jama'a kunne kafin su fara haɗiyar antibayotik saboda tsoron bugun zuciya

Assalamu alaikum Malam Edita. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da dukkan ma'aikatanka, Allah ya ƙara basira.

Abin da yasa na rubuto maka shi ne wata magana da ke ta yawo a wayoyin mutane, wai masana sun gano ashe bugun zuciya bakteriya ce ke kawo shi, wai ɗaukarsa ake yi kamar tari, wai kitse da kolestarol duk sharri aka yi musu shekara da shekaru. Har wasu na ƙarawa da nasu gishirin, suna cewa in mutum ya samu antibayotik mai ƙarfi ya sha na sati biyu to ya wanke jijiyoyinsa tas. To Malam Edita wannan ta ƙarshen ita ta tayar mun da hankali, domin an taɓa gwada ta sak, sati biyun nan, a kan dubban mutane, kuma mutuwa ta ƙaru ne ba raguwa ta yi ba. Zan zo kan wannan. Amma maganar bakteriyar ba ƙarya ba ce tsagwaronta, akwai ƙamshin gaskiya a ciki, shi yasa take saurin shiga kunne, kuma shi yasa ya kamata a warware ta a tsanake maimakon a ce wa mutane kawai kar ku yarda.

Mu fara da abin da ke faruwa a cikin jijiyar kanta. Yawancinmu mun ɗauka kitse ne ke taruwa a hanyar jini yana matse ta a hankali a hankali har ranar da za ta toshe gaba ɗaya. Hakan na faruwa, amma ba shi ne ke kashe yawancin masu faɗuwa farat ɗaya ba. Kitsen ba a kan hanyar jinin yake kwanciya ba, a cikin bangon jijiyar yake shiga. Akwai wata siririyar shimfiɗa a cikin kowace jijiya wadda jini ke bi ta kanta, in hawan jini ko hayaƙin taba ko suga suka ji mata ciwo sai kolestarol ɗin nan da ake ce wa LDL ya riƙa kutsawa ta ƙarƙashinta yana maƙalewa yana lalacewa. Jiki sai ya ga baƙon abu, ya turo fararen ƙwayoyin jini masu haɗiye datti, waɗanda likitoci ke kira makurofaj, su yi ta haɗiyar kitsen nan har su kumbura su mutu a wurin, gawarsu da kitsen su cakuɗe su zama wani irin dagwalo mai laushi. Sai jijiyar ta saƙa masa murfi da wani zare mai ƙarfi, kolajin, don ta raba shi da jini. Abu mafi kusa da zan kwatanta shi da shi shi ne maruru, ciki ruɓa, sama fata. Muddin fatar na da kauri mutum zai iya shekara ashirin ko talatin da shi bai sani ba, yana aikinsa yana gudunsa. Ranar da fatar ta yi siriri ta fashe, dagwalon ya haɗu da jini, to jini zai daskare nan take a wurin, cikin 'yan mintuna gudan jini ya rufe hanyar, in a zuciya ne bugun zuciya kenan, in a wuya ne gudan ya ɓalle ya haura ƙwaƙwalwa shanyewar ɓarin jiki kenan. Masu binciken gawa sun auna murfin da ke fashewa, yawanci kaurinsa bai kai maikiromita 65 ba, wato wajen kaurin silin gashi ɗaya. Kuma abin mamakin, da yawa daga cikin curin kitsen da suka fashe suka yi kisa ba su ma matse hanyar sosai ba kafin ranar, shi yasa zaka ji ance ai jiya ma muna tare da shi lafiya ƙalau.

Kuma abin yana farawa da wuri fa. A 1953 likitocin sojan Amurka sun buɗe zukatan sojoji 300 da suka mutu a yaƙin Koriya, matsakaicin shekarunsu 22, suka tarar kusan kashi 77 cikin ɗari sun fara wannan tarin a jijiyoyin zuciya. Samari majiya ƙarfi. Kaga kenan tambayar da ta fi muhimmanci ba wa ke da curin ba ce, kusan kowa na da shi in shekaru suka ja, tambayar ita ce me ke sa na wani ya fashe na wani ya zauna lafiya har tsufa.

Amsar da aka fi samun hujja a kanta ita ce kumburi, wato faɗan da garkuwar jiki ke yi. Makurofaj ɗin nan in aka tunzura su suna fitar da wasu sinadarai masu cinye kolajin, su kuma wasu fararen ƙwayoyin da ake kira T suna aika saƙon da ke hana jijiyar saƙa sabon zare, ana ci ta ƙasa ba a ƙari ta sama, dole murfi ya yi siriri. Wannan ba sabon tunani ba ne, tun wajen 1856 Rudolf Virchow na Jamus ya ce ciwon nan kumburi ne, sai dai da Anichkov na Rasha ya ɗura wa zomaye kolestarol a 1913 ya ga jijiyoyinsu sun cika, hankalin duniya ya koma kan kitse, sai a ƙarshen ƙarni na 20 aka dawo aka gane su biyun duk suna da gaskiya. To daga nan ne bakteriya ta shigo, domin kowa ya san babu abin da ke tunzura garkuwar jiki kamar ƙwayar cuta.

A 1988 wasu masu bincike a Finlan, Saikku da abokansa, suka ga mutanen da suka yi bugun zuciya jininsu na nuna alamar sun taɓa haɗuwa da wata bakteriya mai kawo tari da ciwon huhu, Chlamydia pneumoniae, fiye da sauran mutane. A 1992 kuma wani likita a Afirka ta Kudu, Allan Shor, ya ga ƙwayar kanta a cikin curin kitsen jijiyar zuciya. Ka tuna a lokacin nan duniya na cikin mamakin abin da ya faru da olsa, ciwon da aka daɗe ana cewa damuwa ce da yawan asid, sai ga Barry Marshall da Robin Warren na Ostireliya sun nuna bakteriya ce, har Marshall ya kwankwaɗi ruwan ƙwayar da kansa a 1984 don a yarda da shi, daga baya aka ba su kyautar Nobel a 2005. Saboda haka kowa ya sa rai, aka ce to ko ciwon zuciya ma haka ne, a ba mutum magani na 'yan makonni a huta. Gaskiya ni ban ga laifinsu ba, duk wanda ya ga abin da ya faru da olsa zai yi wannan kwaɗayin.

Kuma ba su tsaya a fatar baki ba, sun gwada, da kuɗi masu yawa da mutane masu yawa. Gwajin WIZARD da aka fitar a 2003 ya ɗauki mutum sama da 7,700 da suka taɓa bugun zuciya, rabi aka ba su wani antibayotik, azitromaisin, na wata uku rabi aka ba su ƙwayar da babu magani a ciki, babu wani bambanci na a zo a gani. Aka ce to ƙila wata uku ya yi kaɗan, sai ACES a 2005, mutum wajen 4,000, azitromaisin duk sati har shekara guda cur, nan ma shiru, abin da suka samu ƙari shi ne gudawa da ciwon ciki. A shekarar dai wani gwajin, PROVE IT, ya gwada wani maganin daban, gatifuloksasin, a kan mutum sama da 4,100 da ba su daɗe da kwanciya asibiti da ciwon zuciya ba, shi ma babu. Sai na Denmak, CLARICOR, wanda shi ne ya kamata duk mai tura saƙon nan ya sani. Mutum sama da 4,300 masu ciwon jijiyar zuciya wanda ya lafa, aka ba rabinsu kilaritromaisin na sati biyu kacal, aka bi su shekaru, sai aka ga waɗanda suka sha maganin sun fi mutuwa, musamman mutuwar da ta shafi zuciya, kuma da aka sake dubawa bayan shekara goma bambancin bai gushe ba. Saboda shi ne hukumar kula da magunguna ta Amurka, FDA, ta fitar da gargaɗi a 2018 cewa likitoci su yi hattara wajen ba masu ciwon zuciya wannan magani. Shi ma azitromaisin tun 2013 hukumar ta yi gargaɗi cewa yana iya rikita bugawar zuciya ga wasu mutanen. Wato maganin da ake cewa a sha don a kare zuciya, ajinsa ma sananne ne wajen taɓa wutar zuciyar. Ban da ɗaya masifar, ta bakteriya masu bijire wa magani, wadda wani babban lissafi ya nuna ta kashe mutum wajen miliyan 1.27 kai tsaye a 2019 kaɗai, kuma shan antibayotik barkatai ne ke ciyar da ita.

Bayan waɗannan gwaje-gwajen mutane da yawa suka naɗe tabarmar maganar. Amma wasu suka ce a'a, rashin aikin magani bai wanke bakteriya ba, ƙila ba ita ce ƙwayar da ya kamata a nema ba, ƙila an makara domin wanda ya riga ya yi bugun zuciya ai ɓarnar ta shekara talatin ce, ƙila kuma maganin ba ya isa inda ƙwayar ta ɓuya. Wannan ta ukun ita ce ta kawo mu kan binciken da ya haifar da duk wannan surutun na yanzu. A 2025 Pekka Karhunen da tawagarsa a Tampere, a Finlan ɗin dai, suka duba jijiyoyin zuciyar mutum 121 da suka yi mutuwar fuju'a, da curin kitsen da aka ciro wa marasa lafiya 96 a tiyata. A wajen kashi 42 cikin ɗari suka samu DNA na wasu bakteriya 'yan gidan Streptococcus da ake kira viridans, waɗanda mazauninsu na asali baki ne, bakina da bakinka. Kuma ba a warwatse suka gan su ba, a dunƙule suke cikin wani yauƙi da suke yi wa kansu. Wannan yauƙin kowa ya san shi, in ka tashi da safe ka shafa harshe a haƙoranka ka ji wani santsi-santsi, ko ka kankara da farce ka ga wani fari-fari mai danƙo ya fito, to shi ne, ba ragowar abinci ba ne kawai, gari ne guda na bakteriya da suka lulluɓe kansu. A cikin wannan lulluɓin antibayotik ba ya ratsa su sosai, kuma da yake a kwance suke ba hayayyafa suke yi ba maganin ma ba ya samun inda zai kama. Abin da masu binciken suka gani shi ne, a tsakiyar curin da bai fashe ba yauƙin na nan kwance makurofaj ba su ma kula shi ba, amma a curin da ya fashe ya yi kisa, bakteriyar sun fito daga lulluɓin sun shiga cikin murfin, garkuwar jiki ta gane su ta taso musu, kuma daidai wurin ne kumburin ya fi tsanani. Tun 2014 ma wasu a jami'ar Binghamton ta Amurka sun ga irin wannan yauƙi a jijiyoyin wuya, suka kuma nuna a ɗakin gwaji cewa sinadarin da jiki ke fitarwa lokacin firgici ko tashin hankali yana iya sa yauƙin bakteriya ya watse.

Bincike ne mai kyau wallahi, kuma ya cancanci a ba da labarinsa. Amma a duba abin da ya ce da wanda bai ce ba. Fiye da rabin curin da aka duba babu wannan bakteriyar ta baki a ciki. Sannan ganin ƙwaya a wurin da ya lalace bai nuna ita ta lalata shi ba, bakteriya na shiga jini kullum daga baki, kuma wurin da ya riga ya ji ciwo ya fi sauƙin maƙalewa, saboda haka tana iya zama ta tarar da ɓarna ne ta zauna. Gawa kuma hoto ɗaya take ba ka, ba ta gaya maka wanne ya riga wanne. Kuma ko kusa binciken bai ce bugun zuciya ana ɗaukarsa daga wani ba, bai gwada magani ko ɗaya ba, bai ce kowa ya sha komai ba. Masu rubuta kanun labarai ne suka ja shi har can.

Ita kuma maganar cewa an yi wa kolestarol sharri, wannan kam a bar ta. A 2000 an yi gwaji da ɓeraye masu yawan kolestarol da aka raina a wurin da babu ƙwayar cuta ko ɗaya a jikinsu tun haihuwa, suka yi curin kitsensu kamar sauran. Akwai kuma yaran da ke gadon wani ciwo daga uwa da uba wanda ke sa LDL ɗinsu ya ninka na mutane sau da yawa, waɗannan suna iya yin bugun zuciya tun ba su kai shekara ashirin ba. Sannan da aka tattara gwaje-gwajen sitatin, wato magungunan rage kolestarol, a kan mutane sama da dubu ɗari, an ga duk saukar LDL da milimol ɗaya, wato ma'aunin da ake auna shi da shi a jini, na rage manyan matsalolin jijiya da wajen kashi 22 cikin ɗari. Babu antibayotik ɗin da ya taɓa kawo ko kusa da wannan. Duk wanda ya ajiye maganin kolestarol ko na hawan jininsa saboda wannan saƙon to ya cuci kansa.

Inda ni nake ganin maganar bakteriya ta fi ƙarfi, kuma aka fi yin sakaci da ita, wuri biyu ne. Na farko dasashi. Mutum zai goge baki ya tofar ya ga kumfar ta yi ja-ja, kullum, shekara da shekaru, ya ce ai buroshin ne ya yi tauri. Ba buroshi ba ne, lafiyayyen dasashi ba ya jini don an goge shi. Yauƙin nan ne ya taru a gindin haƙori ya daskare ya zama kamar dutse, dasashin ya kumbura ya janye, aka samu rami tsakaninsa da haƙori wanda cikinsa gyambo ne a buɗe, kuma duk taunar da mutum ya yi ana tura bakteriya cikin jini ta nan. Daga baya sai warin baki, sai haƙori ya fara girgiɗi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai tsananin wannan ciwo na jikin wajen kashi 19 cikin ɗari na manya, sama da mutum biliyan ɗaya. Ɗaya daga cikin manyan masu laifi a nan, Porphyromonas gingivalis, an same ta a curin jijiyar wuya, har an nuna tana da rai a ciki. Tun 1989 Mattila a Finlan ya lura masu bugun zuciya bakinsu ya fi lalacewa, a Suwidin ma wani bincike na 2016 da ya haɗa mutum 805 da suka yi bugun zuciya na farko da wasu 805 masu lafiya ya ga ciwon dasashi na tafiya da ƙarin haɗari na kusan kashi 28 cikin ɗari bayan an cire tasirin taba da suga da sauransu. Wanda ya fi burge ni shi ne na Tonetti a Landan a 2007, mutum 120 masu ciwon dasashi mai tsanani, rabi aka yi musu wankin gindin haƙori mai zurfi. Washegari jijiyoyinsu sun fi taurin kai, kumburi ya hau, domin an motsa gidan bakteriyar, amma bayan wata biyu zuwa wata shida jijiyoyinsu sun fi na ɗaya rukunin buɗewa da laushi. Kaga baki da jijiya suna magana da juna kenan. Sai dai a nan ma a yi adalci, abin da aka auna buɗewar jijiyar hannu ce ba yawan masu mutuwa ba, kuma ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka ta faɗa a 2012 cewa alaƙar na nan amma ba a tabbatar da cewa ɗaya ke haifar da ɗaya ba, tunda taba da suga da tsufa duk suna ɓata baki suna ɓata zuciya lokaci guda. To amma ni dai nace, gyaran dasashi ba sai ya jira wannan hukuncin ba, ko haƙoranka kaɗai ka tsira da su ai ka ci riba, kuma mai ciwon suga in ya gyara dasashinsa sugan ma na ɗan sauka.

Na biyun shi ne ciwo mai zafi da ke zuwa farat ɗaya, musamman na ƙirji. A 2004 Smeeth da abokansa a Birtaniya suka duba bayanan mutum sama da 20,000 da suka yi bugun zuciya na farko, da wasu da suka yi shanyewar ɓarin jiki, suka ga a kwana uku na farko bayan ciwon hanyar numfashi haɗarin ya ninka kusan sau biyar, na shanyewar ɓarin jiki sau uku, sannan ya riƙa sauka cikin makonni. Ko ciwon mafitsara ma ya ɗaga shi, ko da yake bai kai haka ba. Wani binciken a Amurka a 2015 ya ga tsofaffin da aka kwantar saboda nimoniya, wato ciwon huhu, haɗarin zuciyarsu ya ninka wajen sau huɗu a wata na farko, kuma bai koma daidai ba har shekaru. A nan ba sai ƙwayar ta je cikin jijiyar ba ma. Zazzaɓi ya sa zuciya na gudu, iskar da ke shiga jini ta ragu, jini ya ƙara saurin daskarewa, saƙon faɗa ya cika jiki har ya isa ga makurofaj ɗin da ke zaune a curin su ma su harzuƙa, to murfin da dama saura ƙiris sai ya tafi. Kuma ba bakteriya kaɗai ba, bairos ma na yi, a Kanada a 2018 an ga mura mai tsanani, wato infuluwenza, na ninka haɗarin sau shida a satin farko. Abin da ya fi wannan daɗin ji shi ne an gwada rigakafi an ga amfani, gwajin IAMI na 2021 ya yi wa mutum wajen 2,500 da suka yi bugun zuciya allurar rigakafin infuluwenza ko ta ruwan gishiri kafin a sallame su, bayan shekara guda mutuwa ta kasance kashi 2.9 cikin ɗari a masu rigakafin, 4.9 a sauran. Wannan ai shi ya kamata ya yi yawo a waya, amma ina, ba shi da armashi.

Shi kansa kumburin an gwada kashe shi kai tsaye. Gwajin CANTOS a 2017, mutum sama da 10,000, wata allura mai toshe ɗaya daga cikin saƙonnin kumburi, ba ta taɓa kolestarol ko kaɗan ba amma ta rage manyan matsalolin zuciya da jijiya da wajen kashi 15 cikin ɗari, sai dai masu mutuwa da ciwon ƙwayoyin cuta sun ƙaru, domin garkuwar da ka sassauta ita ce dai ke tsare ka. Sai kolcisin, tsohon maganin ciwon gaɓɓai, wanda wasu manyan gwaje-gwaje a 2019 da 2020 suka nuna ya taimaka har Amurka ta amince da ƙaramin awonsa ga masu ciwon zuciya a 2023. Shi ma don Allah kar wani ya ji sunan ya je ya nema, tazarar da ke tsakanin awon magani da awon guba a kolcisin kaɗan ce, yana da haɗari ga mai ciwon ƙoda, kuma in aka haɗa shi da kilaritromaisin ɗin nan yana iya kisa.



Roƙona gare ka Malam Edita, in za ku ɗauko irin waɗannan labarai a shafin lafiya, a riƙa faɗa wa mai karatu a kan wa aka yi binciken, gawa ce ko ɓera ko mai rai, mutum nawa, kuma an gwada magani ne ko gani kawai aka yi. Sannan ku samo likitan haƙori da likitan zuciya ku haɗa su a shafi ɗaya, domin mutane ba su san jinin dasashi abin zuwa asibiti ba ne. A gaya wa masu jinyar tsoho ko mai suga ko mai hawan jini cewa in ya yi nimoniya ko mura mai zafi, ko da zazzaɓin ya sauka, makonnin farko na sa ido ne, in ya ce ƙirjinsa ya yi nauyi kamar an danne, ko ciwon na tafiya hannu ko muƙamuƙi, ko zufa mai sanyi ta keto masa, ko numfashi ya gagara, ko baki ya karkace magana ta sarƙe, kar a ce ragowar murar ce a bari zuwa safe, a kai shi asibiti a lokacin, domin naman zuciyar da jini ya yanke masa yana fara mutuwa ne cikin abin da bai kai awa ɗaya ba. In kuma likita ya rubuta antibayotik don nimoniyar ko wani ciwon na gaske, a sha shi yadda ya ce, a kuma gaya masa in akwai ciwon zuciya da sunayen magungunan da ake sha don ya zaɓi wanda ya dace.

Na gode da ba ni wannan fili, Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya.

Wassalam,
Naka, wani mai bibiyar shafin lafiya.